Kareti a sansanin Bakassi

1/ Da madatsar ruwan Alau ta ɓalle a Satumbar 2024, ruwa ya ci Gwange da unguwanni da dama a Maiduguri, aka sake buɗe sansanin Bakassi. Masu hali suka kai shinkafa da tabarmi. Ni ko sisi babu, kareti kawai na iya.

2/ Makarantu a rufe, yara zaune jugum. Wasu da hadari ya haɗo sai kuka. Na share fili, na fara tara su bayan la'asar.

3/ Wani dattijo ya tare ni: "Ɗana, yaran da ba su ƙoshi ba za ka koya wa faɗa?" Na ce, "Baba, zo ka gani."

4/ Satin farko ko naushi babu. Tsayuwa, numfashi, da yadda ake faɗuwa ba a ji ciwo ba. Doka ɗaya: ka daki wani a layin abinci, gobe kallo za ka yi.

5/ Rigimar layi ta ragu. Wata uwa ta ce min, "Malam, 'yata yanzu tana barci har asuba."

6/ Jama'a, in ka iya wani abu, ƙwallo ko karatu, kai wa yaran da ambaliya ta kora. Wallahi mai zama da su suke nema.