Tsibirin Tarkwa ko Badagiri?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana ma'aikata da malaman makaranta, waɗanda sukan gangara Ikko su dawo ba su ga teku ba, ko kuwa su gan shi a wurin da ba zai ƙara musu kome ba. Ni mutumin 'Yankuzo ne ta ƙasar Tsafe, babban ruwan da muka saba gani shi ne gulbin da ya ratsa Gusau. Da na sami hutun aiki na je bakin teku wuri biyu, ga kuwa abin da na gani.

Na fari shi ne tsibirin Tarkwa, a bakin mashigar jiragen ruwa ta Ikko. Mota ba ta zuwa, sai a shiga kwalekwale mai inji, tafiyar kamar minti ashirin. Rairayi ne fari tas, ga itatuwan kwakwa, ga 'yan rumfuna na haya. Ruwan kuwa a kwance yake, har yara suna wasa a gefensa. Wannan kwanciya aikin mutum ce. Tun a 1908 Turawa suka soma jera manyan duwatsu cikin teku, suka yi ganuwa don rairayi kada ya toshe wa jirage hanya, ita ce ke karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso gaɓar Tarkwa.

Amma ganuwar nan ta ci wani wuri. Teku yakan kwaso rairayi daga yamma ya kai gabas. Da aka tare shi, sai gaɓar da ke gabas, watau Bar Beach inda iyayenmu sukan je kallo, ta rasa mai ciko, ruwa ya yi ta cinta shekara da shekaru har yana hawa titi. Yanzu an cike wurin da ƙasa ana gina sabuwar unguwa, Eko Atlantic. Wanda tsofaffi suka ba shi labarin Bar Beach kada ya wahalar da kansa nemanta. Mazauna Tarkwa su ma ba su tsira ba, gama a watan Janairu na 2020 aka tashe su daga gidajensu, dubban mutane.

Na biyu shi ne Badagiri, can yamma kusa da iyakar Jamhuriyar Benin. Tafiyar mota ce mai gajiyarwa saboda cunkoso. Daga garin akan haye ruwa zuwa tsibirin Gberefu, sa'an nan a taka da ƙafa cikin rairayi har bakin teku. A nan babu ganuwa, igiyar ruwa tana dukan gaɓa da ruri, tana ja da baya da ƙarfi. Wanda ya koyi iyo a tafkin garinsu kada ya ce zai gwada a nan, ruwa ba sa'an kwando ba ne.

To, in don hutawa ne, Tarkwa ta fi kusa, ta fi sauƙi, ta kuma fi aminci. Amma ni ina ba Bahaushe shawara ya zaɓi Badagiri, ga dalilina. Hanyar nan ta cikin rairayi ita ce aka bi da bayi zuwa jiragen da suka kai su ƙetaren teku. Hausawa da aka kama a yaƙe-yaƙe suna cikin waɗanda aka kai Bahiya ta ƙasar Birazil, har suka ƙulla tawaye a can a 1807, kuma da su aka yi babban tawayen bayi Musulmi na 1835. A Badagirin nan ne kuma Bature Clapperton, wanda mutanenmu suka sani da Abdullahi, ya sauka a 1825 ya nufi Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, can ya rasu a 1827. Ashe garin da muke gani kamar ƙarshen duniya yana da tsohuwar hanya har ƙofar gidanmu.

Na yi karatu shekaru, na riƙe alƙalami a ofis, amma da yawa daga cikin abokan aikina ba su taɓa jin an ce akwai jinin Hausawa a Birazil ba. Malamin da ya tsaya a gaɓar nan ya dubi ruwan da ba a ganin ƙarshensa, in ya koma aji zai faɗa wa yara abin da allo ba zai nuna musu ba. Gani ya kori ji. Saboda haka wanda Allah ya kai shi Ikko, in kwana ɗaya gare shi, ya yi sammako ya nufi Badagiri. In kwana biyu ne, ya huta gajiyarsa a Tarkwa kashegari.

Allah ya ja zamaninka.

Ni ne naka,
Wani Akawu, 'Yankuzo.