Ramar Da Aka Saya Da Kuɗi

Kafin mai karatu ya ɗauka kwaɗon rama zan koya masa, ko kuwa labarin ramuwar gayya zan ba shi, bari in faɗa tun da wuri cewa ramar jiki nake nufi, wadda ke tare da ni yanzu, wadda kuma sai da mahaifina ya sayar da gonarsa ya biya kafin in same ta. Na san maganar za ta yi wa kunnen Bahaushe banbaraƙwai, domin mu a wurinmu ƙiba ake nema, rama kuwa gudunta ake yi.

Dubi harshenmu ka gani. In mutum ya yi ƙiba sai mu ce ya murje, ya cika, ya yi ɓulɓul, hutu ya karɓe shi. In amarya ta yi wata uku a ɗakinta ba ta ƙara jiki ba, sai dangi su fara tambaya ko angon ba ya cefane. In kuwa mutum ya rame, cewa muke ya zube, ya tsotse, ya lalace, ya ƙanjame, ya ƙare. Ko kalma ɗaya ta yabo babu a ciki. Da waɗannan kalmomi jama'a suka yi ta auna ni shekara goma sha ɗaya, alhali kuwa abin da ke juya jikina yana wani wuri da ido ba ya kaiwa.

A can ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, daidai bayan karan hanci, akwai wani ɗan ƙullutun nama wanda bai wuce girman ƙwayar wake ba, nauyinsa wajen rabin giram. Likitoci suna kiransa fituwitari. Yana zaune cikin wani gurbi na ƙashi wanda masanan farko suka ga ya yi kama da sirdin doki, har suka sa masa suna sirdin Turkawa. Kada ƙanƙantarsa ta ruɗe ka, sarki ne mai hakimai. Yana aika jakadunsa ta cikin jini, wato sinadaran nan da ake ce wa homon. Akwai jakadan da ke zuwa wurin hakimin maƙogwaro, wato tayirod, wanda in ya kumbura muke cewa maƙoƙo. Akwai mai zuwa wurin wasu hakimai biyu da ke zaune bisa ƙoda, masu fitar da kotizol, sinadarin da ke riƙe ƙarfin jini da sukarin jiki lokacin ciwo ko wahala. Akwai mai kula da balaga da haihuwa, da mai kula da tsawo, da mai gaya wa ƙoda ta riƙe ruwa. A saman sarkin kuma akwai wani yanki na ƙwaƙwalwa, haifotalamus, wanda cikin ayyukansa har da sanar da mutum cewa ya ƙoshi.

Cikin shekarar 2014, ina da shekara goma sha ɗaya, ciwon kai ya matsa mini, ga amai da safe, ga yawan karo da ƙofa domin ba na ganin abin da ke gefena. Ƙanwata da na ba shekara biyu ta wuce ni tsawo. Da aka ɗauki hoton kaina sai aka ga ƙari zaune daidai kan sirdin nan, irin wanda ake kira kiraniyofarinjiyoma. Ba ciwon daji ba ne, amma yana danne duk abin da ke maƙwabtaka da shi, har jijiyoyin ido. Aka kai ni Alƙahira aka cire shi, idona ya dawo, alhamdu lillahi. Sai dai sarki ya tafi tare da ƙarin, haifotalamus kuma ya ji rauni.

To, a nan yunwa ta same ni. Ya mai karatu, ka tuna yunwar da kake ji ana saura minti goma a sha ruwa ranar azumin farko, sa'an nan ka ƙaddara ka cinye malmala biyu ta tuwo amma tana nan yadda take. Haka na zauna. Daɗin daɗawa, jikin mai irin wannan rauni ba ya ƙona abinci yadda na sauran mutane ke yi, saboda haka ko an rage mini ci sai nauyi ya ƙaru. Da fari dangi murna suka yi, suna cewa Masar ta karɓe ni. Ba a yi shekara biyu ba murna ta koma zunɗe. A makaranta sunana Randa, a unguwa kuma Buhu. Masu tausayi su ce mahaifiyata ce ta sangarta ni, marasa tausayi su ce haɗama ce. Ita kuwa baiwar Allah tana kulle ɗakin girki da kwaɗo tana hawaye.

Lokacin da na shigo jami'a nauyina kilo 118 ne, tsawona kuwa mita 1.55. Likitoci suna da wani lissafi, su raba nauyin mutum da tsawonsa sau tsawonsa. In amsar ta kai 30 an shiga ƙiba mai cutarwa, in ta kai 40 abin ya yi tsanani. Tawa 49 ce. Sujada ta zama aiki, numfashina yakan ɗauke cikin barci, sukarin jinina ya fara hawa. Kujerun ɗakin lacca ba sa ɗaukata sai na zauna a karkace, mai a-daidaita-sahu kuma kuɗin mutum biyu yake karɓa a hannuna.

A hutun ƙarshen shekara na 2023 aka koma da ni Masar aka yi mini aikin rage tumbi. Ƙananan ƙofofi ake hudawa a ciki, a zura na'ura, a yanke wajen kashi 80 cikin 100 na tumbin a fitar, a bar abin da ya rage siriri kamar ayaba. Amfaninsa biyu ne. Abinci kaɗan ke cika shi, sa'an nan ɓangaren da aka cire shi ne ya fi fitar da wani homon mai tayar da yunwa, girelin, wanda masana a Japan suka gano a 1999. Likitan bai ɓoye mana komai ba. Ya ce masu irin lalurata ba su cika zubar da nauyi kamar sauran masu ƙiba ba, kuma yana iya dawowa bayan shekaru, tun da tushen abin yana kai, wuƙarsa kuwa a ciki za ta tsaya. Mahaifina ya ce, "Likita, mun ji. A yi, Allah ya sa a dace."

Mako biyu na farko ruwa-ruwa kawai nake sha, romon kaza da kindirmo da kunu mai tsororo. Daga nan aka koma faten wake da alale da dafaffen ƙwai. Har yau ƙa'idata ita ce in fara da abin da ke gina jiki, kifi ko wake ko awara, in wuri ya rage in yi loma uku ta tuwo. Ba na haɗa ci da sha, sai an yi rabin sa'a tsakani. A wata na huɗu gashina ya yi ta zuba har kitso ya gagara, daga baya ya tsiro. Duk mai aikin tumbi ya san waɗannan. Abin da ya bambanta ni da su shi ne magungunan da raina ke rataye a kansu, waɗanda dole su bi ta wannan ɗan tumbi.

Tun da sarki ba ya nan, ni ke yin aikinsa da hannuna kullum. Ina shan haidirokotizon miligiram 20 a rana, 10 da asuba, 5 da azahar, 5 da la'asar, domin haka lafiyayyen jiki ke yi, kotizol ya yi yawa da safe ya yi ta raguwa zuwa dare. Masanan da suka gano wannan jinsin magani an ba su kyautar Nobel a 1950, kafin zamaninsu kuwa irina ba su cika yin nisan kwana ba. Ina shan tayiroksin kafin in karya, in jinkirta maganin ƙarin jini da na ƙashi sa'a huɗu don suna hana shi shiga jiki. Ina shan dasmofiresin saboda ruwa, da kuma homon na mata.

Shi tayiroksin gwargwadon nauyin mutum ake auna shi. Saboda haka yadda tela ya yi ta rage mini riguna, haka likita ya yi ta sake auna mini shi bayan kowane mako shida zuwa takwas. In ya yi yawa zuciya ta yi ta bugawa, barci ya ƙaurace. In ya yi kaɗan sai sanyi da kasala, nauyi kuma ya tsaya cik. A nan akwai wani tarko. Gwajin da aka saba yi wa masu ciwon maƙogwaro, wanda ake kira TSH, jakadan sarki yake ƙirgawa, ni kuwa ba ni da mai aiko shi. An taɓa duba wannan gwaji a wani ɗakin awo aka ce in rage magani, sai da likitana ya ce a auna homon ɗin maƙogwaron kansa aka ga daidai yake.

Ruwa ma da nasa lissafin. In dasmofiresin ya sake ni, fitsari ya yi ta zuba lita bayan lita, ƙishirwa ta taso kamar in shanye randa, ga shi tumbin bai fi cin kofin shayi ba. In kuma na sha ruwa fiye da kima maganin yana aiki, gishirin jini ya faɗi, abin da kan kai mutum ga suma. Don haka duk inda ka gan ni da gora a hannu ina kurɓa kaɗan-kaɗan, musamman da bazara, ka san ba yanga ba ce.

Babban abin tsoro shi ne amai. Lafiyayyen mutum in zazzaɓi ya kama shi jikinsa kan ƙara kotizol da kansa, ni kuwa sai in ninka ƙwayar. In amai ya hana ta zama, jini ya faɗi, sukari ya faɗi, cikin 'yan sa'o'i ana iya rasa rai. Wata uku bayan aikin, zazzaɓin cizon sauro ya kama ni a ɗakin kwanan ɗalibai. Na sha ƙwaya ta dawo, na sake sha ta dawo. Wajen ƙarfe biyu na dare abokiyar ɗakina, wadda na koya wa yin allura a jikin lemo, ta fasa kwalbar miligiram 100 ta soka mini a cinya hannunta na rawa, sa'an nan ta nemo mota. A asibiti wani ma'aikaci ya ce ai zazzaɓi ne kawai, mu bi layi. Ta ɗaga katin da ke rataye a wuyana ta yi ta karanta masa da ƙarfi har likita ya fito. Allah ya saka mata da alheri.

Yau nauyina kilo 84. Ina sujada ba tare da dafa bango ba, ina hawa bene in isa lacca da sauran numfashina, sukari ya koma daidai. Yunwar ba ta mutu ba, amma ta zama wadda ake iya yi wa magana ta ji. Sai dai bakin jama'a bai huta ba. Da na je gida hutu, gwaggona ta ja ni ɗaki ta rufe ƙofa ta ce, "Ke 'yar nan, gaya mini gaskiya, wa ya jefe ki?" Na ce, "Wallahi Gwaggo lafiyata ƙalau, ramar magani ce." Ta ce, "Yo magani ai ƙiba yake sawa." Washegari ta aiko mini da rubutu. Ita ƙauna ce ta sa ta, amma akwai waɗanda suka raɗa cewa ƙanjamau ne. A gidan biki in na tsame hannu bayan loma uku sai a ce na raina abincin. Da azumi kuma, da yake likita ya hana ni, malaminmu ya ce in ciyar, nakan ɓuya in sha maganin azahar don gudun ido.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani abu da nake gani a ɗakunanmu na mata. 'Yan'uwana da yawa suna sayen ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe don su yi jiki kafin biki, a cikinsu kuwa har da deksametazon. Wannan ƙwaya ɗangin haidirokotizon ɗina ce, sai dai ta fi shi ƙarfi wajen sau 25. Ƙibar da take kawowa ta fuska ce da ciki, tare da nankarwa da hawan jini da ciwon sukari da raunin ƙashi. Mafi muni, in sarkin nan ya ga jini cike da irin wannan sinadari sai ya daina aika jakada, hakiman bisa ƙoda su yi barci. Ranar da yarinya ta bar ƙwayar farat ɗaya bayan ta daɗe tana sha, tana iya faɗawa cikin irin halin da na shiga daren nan, ita kuwa ba ta da allura a jaka, ba ta da kati a wuya. 'Yar'uwa, in kin riga kin fara, kada ki yanke da kanki, je wurin likita ya janye miki ita sannu a hankali. Ni Allah ya jarrabe ni da rashin wannan sarki. Ke naki yana nan bisa sirdinsa lafiya lau, kada ki tuɓe shi da kuɗinki don a ce kin murje.

Sauran jama'a kuma roƙona gare ku kaɗan ne. In kun ga mai ƙiba ko mai rama, ku gaishe shi ku tambayi lafiyarsa, ku bar masa sauran bayani in ya ga dama ya yi. In kuma wata rana kuka tarar da ni a kwance ba na magana, allurar tana cikin ƙaramin aljihun jakata, yadda ake yin ta kuma yana rubuce a bayan katin. Allah ya ba mu lafiya, ya ba mu ikon riƙon amanarta, amin.