Ranar da na ce wa Umma zan shiga daji

Laifina ne, ban auna kalmar ba. Daren Juma'a muna waya da Umma daga ɗakina a Peckham, na ce mata rubutun digiri ya ishe ni, gobe zan je daji in sha iska. Ta yi shiru. Can ta ce, "Daji kuma? Ke da wa?"

Mu 'yan Funtua ne. Muna yara, daji wurin kanya da magarya ne. Yanzu idan an ce daji, sai a tuna da Rugu da Kamuku, da waɗanda aka shiga da su ana jiran kiran waya. Kamuku ɗin ma gandun daji ne na ƙasa tun 1999, ga shi kusa da mu ta wajen Birnin Gwari, amma ban taɓa taka shi ba.

Na lallashe ta, na tafi. Daga Waterloo jirgin ƙasa ya kai ni Haslemere cikin kusan awa ɗaya, sai na taka zuwa Black Down, wuri mafi tsayi a gandun South Downs. Mita 280 ne kacal. Wanda ya san Dutsen Kwatarkwashi zai yi dariya, ni dai sai da na yi haki.

Sama duk itatuwa ne dogaye masu ganye kamar allura, ƙasa damshi, ko'ina tsit. Na gamu da wata tsohuwa ita kaɗai da karenta, ta gaishe ni ta wuce, ko waiwaye babu. Na bi ta da kallo, har da ɗan haushi.

Ina shimfiɗa mayafi zan yi Azahar sai na ji ƙarar babur daga nesa. Gabana ya faɗi. Kafin in yi tunani har na laɓe bayan itace, takalmi a hannu. Babur ɗin yana kan titi can ƙasa, bai ma san da ni ba. Shekara biyu ina Landan, ashe da tsoron na zo.

Da na idar, na ɗauki bidiyon kwarin, kore shar har iyakar gani, na tura mata. Ta kalla, ta aiko da saƙon murya: "Masha Allah, da kyau. To ki fito haka nan, kada Magariba ta same ki a ciki."