Siririn Dogon da Ya Hau Dutse

Mu mutanen Doguwa ba mu taɓa jin kukan jirgin ƙasa a garinmu ba, amma ya kewaye mu ta fuska biyu. Ta yamma, dogon da ya taso daga Baro ya ratsa Dangora a ƙasar Kiru, ya isa Kano a 1911. Ta kudu kuwa akwai wani siririn dogo da ya tashi daga Zariya, ya bi ta Rahama, ya nufi tsaunukan Jos. Labarin wannan na biyun ne ya daɗe yana cina a rai, domin a bakin kakana na fara jinsa.

Kuza ce ta jawo shi. Tun kafin zuwan Turawa mutanen Riruwai suna narka ta, suna kai ta kasuwanni. Da kamfanonin Ingila suka buɗe ramukan Jos, kan 'yan dako da bayan jakuna suka kasa ɗauke abin da ake haƙowa. Sai aka shimfiɗa dogo: ya kai Rahama a 1912, ya isa Bukuru a 1914, tsawon mil 143.

Sai da na girma na fahimci dabarar da ke cikinsa. Ƙafar jirgi ƙarfe ce, hanyarsa ma ƙarfe, saboda haka idan hawa ya yi tsanani sai ta zame. Jirgi ba ya tunkarar dutse gaba da gaba; lallaɓa shi yake yi, yana bin gefensa yana lanƙwasa, yana ƙara tsayi kaɗan-kaɗan. Don haka aka tsuke faɗin wannan dogon zuwa ƙafa 2 da inci 6, alhali na Kano ƙafa 3 da inci 6 ne. Siririn dogo ya fi iya shan kwana, bai buƙatar a fasa dutse da yawa, kuɗinsa kuma kaɗan ne.

Amma abin da ya hau da shi, shi ya kashe shi. Taragonsa ba ya hawa babban dogo, tilas a sauke kaya a Zariya a sake lodi. Da babban dogo ya iso Jos ta Kafanchan a 1927, sai aikinsa ya ragu, aka rufe shi a 1957.

Abin da nake gani a nan shi ne, dutse bai taɓa hana dogo zuwa wuri ba. Inda masu mulki suka hango riba, injiniya ya samo hanya. Yau masarar Doguwa da ta Tudun Wada a mota take ratsa dajin Falgore, manomi yana biyan kuɗin mai da na fargaba. Ga shi ana gina sabon dogo tsakanin Kano da Kaduna. Fatana shi ne, in an zo zana masa rassa, a ƙirga buhunan manoma kamar yadda aka taɓa ƙirga buhunan kuza.