Daga Yamai zuwa Paris: nisan taswira da nisan matafiyi

Tsakanin filin jirgin sama na Diori Hamani da ke Yamai da na Charles de Gaulle da ke arewacin birnin Paris akwai kilomita kusan 3,950. Wanda ya shimfiɗa taswira zai ga abin mamaki: biranen biyu kusan a kan layi ɗaya suke, ta yadda jirgin da ya tashi daga bakin kogin Kwara ya sa hancinsa arewa sak, ba ya bukatar karkata gabas ko yamma. Layin yana ratsa yankin Menaka na ƙasar Mali, ya keta hamadar Aljeriya ta wajen In Salah, ya tsallake Bahar Rum kusa da tsibirin Mayorka, kana ya shiga Faransa. Tafiyar ba ta wuce awa biyar da rabi, alhali motar haya daga Yamai zuwa Damagaram, kilomita wajen 900, takan cinye wuni guda cur. A lokacin sanyi ma matafiyi ba ya taɓa agogonsa, domin lokacin Nijar da na Faransa ɗaya ne. Sai daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba Paris ke gaba da awa ɗaya.

Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Kilomitocin nan ba su taɓa ƙaruwa ba, duk da haka hanyar ta yi wa ƴan kasuwa da ma'aikata tsawo har sau uku. Na farko a watan Janairu 1994, lokacin da aka karya darajar sefa: faran Faransa guda ya tashi daga tamma 50 zuwa tamma 100, kuɗin tikiti ya yi sama, albashi kuwa yana nan inda yake. Na biyu a 2002, sa'ad da Air Afrique, kamfanin da ƙasashe 11 har da Nijar suka kafa a Yawunde a 1961, ya durƙushe saboda bashi. Na uku a 2023: bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Air France ya dakatar da zuwa Yamai a watan Agusta, kuma a watan Satumba hukumomin Nijar suka hana jiragen Faransa shiga sararin samaniyar ƙasar.

Daga nan sai ya da zango ya zama tilas. Wanda ya bi ta Kazablanka ya yi kilomita kusan 4,350. Wanda ya bi ta Istambul ya haura 6,200, ga kuma awowin jiran jirgi na biyu. Ga ɗan kasuwar Maraɗi mai jiran kaya, ko ma'aikacin da aka aika taro, ko mara lafiya da likita ya tura asibitin waje, wannan ƙari kuɗi ne, kwana ne, wani lokaci ma rai ne.

An ƙawata filin Diori Hamani a 2019 domin taron ƙolin Tarayyar Afirka, kuma ginin ya yi kyau. Sai dai gini ba ya rage nisa. Abin da ke rage shi shi ne yarjejeniya tsakanin gwamnatoci, da kuɗi mai daraja, da kamfanin da ke iya biyan bashinsa. Mai shirin tafiya ya tambayi inda jirgi zai sauka da daɗewar da zai yi can, tun kafin ya biya kuɗin tikiti.