Inda Lome ke rataya safaya, da inda Agadas ke ɗaure ta

Jif ɗin da ta sauko daga jirgin ruwa a Lome takan iso da safaya ɗaya tak, a inda kamfani ya ajiye ta: ko a maƙale a ƙofar baya, kamar Pajero da Patrol da yawancin Prado, ko a rataye ƙarƙashin ciki, kamar Hilux da Land Cruiser ƙirar 100. Ba ta cika daɗewa a hakan ba. Tana shiga hannun mai ita za a kai ta wurin mai walda, kuma aikin da za a yi wa mazaunin safayar ya danganta da inda motar za ta kwana: nan bakin teku, ko can arewa inda kwalta ke ƙarewa.

Wanda ke zama a rumfunan Hausawa na Adawlato, gindin babbar kasuwar Lome, zai ga iri biyun suna wucewa ta gabansa. Tsohon Zongo da ke tsakiyar gari an tashe shi tun 1977, aka mai da mutanensa Agwe, a hanyar fita arewa, amma ciniki bai bar nan ba. Baƙon da ya zo daga Maraɗi ko Yamai sayen mota nan yakan sauka wurin maigidansa, a haɗa shi da dillali, a raka shi filayen motoci da ke kewaye da tashar jirgin ruwa. Tashar nan tun 1968 take aiki, kuma ta daɗe tana ciyar da Burkina Faso da Mali da Nijar. Bayan juyin mulkin Yulin 2023, da iyakar Gaya da Malanbil ta rufe, kayan Nijar da yawa suka karkato ta nan, su haura Sinkase, su ratsa Burkina Faso.

Mutumin Lome ba ya tsoron faci. Kusan kowace kwana akwai mai faci da injin iskarsa a ƙarƙashin bishiya. Abin da yake tsoro ɓarawo ne, shi ya sa gyaran da aka fi yi a nan na kulle ne: noti mai makulli, ko a walda ɗan kunne a jikin mazaunin a sa kwaɗo, ko sarƙa ta cikin rim. Daga nan sai ado, a sa mata riga ta leda ko murfin roba mai launin motar. Wasu kuwa cire ta suke yi gaba ɗaya, a toshe ramukan, a yi fenti, a mai da lambar mota tsakiyar ƙofa don tsohuwar Prado ta yi kama da sabuwa. Suna da hujja. A cunkoson garin nan, inda 'yan zemijan, wato 'yan acaɓa, ke kutsawa ta kowace kafa, tayar da ta zarce bamba ita ce ke fara karɓar duka, ta tura ƙofa ciki, wani lokaci har gilashi ya tafi. Karon da bamba zai shanye sai ya koma aikin mai gyaran bodi. Toyota ma da kanta ta sauke safaya daga ƙofar RAV4 tun ƙirar 2013.

Akwai kuma iskar teku. Gishirin da take ɗauke da shi yana cin ƙarfe ba dare ba rana, kuma abin da ke ƙarƙashin mota ya fi shan wahala. Ɗan injin da ke sauke safayar Hilux, idan ya shekara ba a juya shi ba, ba a sa masa giris ba, ranar buƙata sai dai guduma. Wannan ya sa mai waldar Lome ya iya gama aiki: zai goge bakin waldar, ya shafa jan fentin hana tsatsa, ya bi da baƙi. Aikinsa yana da kyan gani, kuma ban raina wannan ba.

A Agadas babu mai wannan lissafi. Daga can zuwa Dirku ya haura kilomita 600, galibi rairayi da duwatsu, babu mai faci, babu inuwa. Direban da ke bin ayarin motoci zuwa iyakar Libiya, ko mai kai 'yan haƙar zinariya Jado tun da aka gano ta a 2014, ba ya tashi da safaya ɗaya. Biyu ne mafi ƙaranci, ga tub, ga famfo, ga kayan faci. Abu na farko da yake yi shi ne fitar da safaya daga ƙarƙashin ciki, domin mota in ta kafe a rairayi cikinta ne ke kwantawa a ƙasa, tayar da ke can kuwa ta binnu ke nan, sai an yi haƙa. Ga shi tana rage tazarar mota da ƙasa a lokacin da aka sassauta iskar tayoyi don hawa tudun yashi. Don haka sai a tsai da ita bayan kan mota, ko a jikin ƙarafan bodi, a ɗaure da noti ko igiya, inda hannu zai kai ba tare da an sauke jarkoki da mutane ba. Babu riga, babu fenti, busasshiyar iska ba ta cin ƙarfe. Aikin ba shi da kyau ko kaɗan, amma yana kai mutum gida.

Matsalar tana tasowa ne idan aka gwama biyun, kuma a nan Lome ake gwama su. Alhaji ya sayi jif, ya san inda za ta, sai ya sa a canza mata tayoyi zuwa manya, ya kuma ce a ƙara masa wurin safaya ta biyu. Mai waldar da bai taɓa wuce garin Kara na Togo ba zai yi abin da ya sani: ya tsawaita mazaunin, ya ƙara ƙarfe, duk a jikin ƙofar. Ƙofar mota kuwa faifan ƙarfe ne mara kauri, a rataye da hinji biyu, an auna ta daidai nauyin tayar da kamfani ya sa. Taya da rim na Prado sukan kai kilo 30, manya na jeji a kan rim ɗin ƙarfe su doshi 40. Kuma ba nauyin kaɗai ba ne. Babbar taya ba ta zama a tsohon mazauni sai an turo ta baya don kada ta gogi bamba, kuma duk tazarar da aka ƙara, ƙarfin da take fizgar ƙofa ƙaruwa yake yi, kamar mai riƙe da bokitin ruwa ya miƙe hannu. A kwaltar Lome zuwa Sinkase ba za a ji komai ba. Sai an shiga gargada, inda tayar ke girgiza ba hutawa, ƙofa ta fara sauka, makulli ya daina kamawa, ƙarfen da ke kewaye da notocin ya tsage, jar ƙura ta riƙa shigowa ta robar da ta saki. Sau da yawa ma an cire 'yan robobin nan da tayar ke jingina da su, alhali su ne ke hana ta rawa.

Maganin sananne ne, kuma mutanen Ostireliya, waɗanda hamadarsu ta koya musu abin da hamadar Tenere ta koya mana, sun mai da shi sana'a: a ɗauke nauyin daga ƙofa, a ɗora shi a kan shasi. Ana yin bamba mai kauri da ke ɗaure da shasi, a kafa masa hannu mai juyawa, tayar ta zauna a kan hannun, a buɗe shi kafin a buɗe ƙofa. Can kamfanoni irin su ARB da Kaymar ke ƙera shi. A Ƙofar Ruwa ta Kano ko Katako ta Yamai ba a rasa kayan haɗa shi ba: guntun gatarin tsohuwar mota da boris ɗinsa ya isa maƙalar juyawa, sai bututun ƙarfe mai kauri da sakata mai matsewa. Abin lura shi ne a ɗaure da noti a ramukan da ke jikin shasi, kada a yi ta zuba walda a kansa, don zafi yana raunana wurin. A kuma matsar da lambar mota da fitilarta inda taya ba ta rufe su ba, in ba haka ba kowane shinge daga nan zuwa Tera ta Nijar an ba jami'i dalili. A Jamus irin wannan gyara sai masu binciken TÜV sun duba an rubuta shi a takardun mota. Mu a nan, sufeton aikin shi ne hanya.

Kada kuma a ɗauka mutanen arewa sun gama daidai. Ɗora tayoyi biyu a rufin jif, kamar yadda ake yawan gani, yana ɗaga nauyi sama, ya sauƙaƙa kifewa a gangaren yashi. Hannu mai juyawa ma yana da kuɗinsa: nauyin da ke bayan gatari yana danne sifirin na baya, ya sassauta gaba. Mai cire safaya daga ƙofa don ado shi ma ya fara leƙa ƙarƙashin motarsa. A Prado ƙirar 120 da aka yi wa kasuwar Ostireliya, tayar tana ƙofa ne domin gurbinta na ƙasa tankin mai na biyu ya cinye shi, jimilla lita 180.

Saboda haka, kai da ka zo Lome sayen jif: in a gari za ta zauna, bar safaya inda kamfani ya sa ta, ka saya mata kwaɗo, ka riƙa sa wa hinji giris. In kuwa za ta wuce Agadas, ka gaya wa mai walda hanyar da za ta bi tun kafin ya kunna injinsa, kada ka yarda ya ƙara wa ƙofa ko kilo ɗaya, kuma ka biya shi kuɗin fentin nan nasa, don shi ne abin da ya fi na gida iyawa.