Filin Lakwal da Barcin Ƙanena

Ƴan uwana ɗalibai, da yawa cikinmu malaman makaranta za mu zama, sauran kuma iyaye ko yayye. Shi ya sa nake son in yi maganar wani abu da ba a cika koya mana a aji ba: yadda rabin awa na guje-guje a filin lakwal ke iya gyara daren gida guda. Wurin ƙanena na koyi wannan, shi da ba ya yawan magana.

Auta muke ce masa, shekararsa 9, kuma yana da otizim. Lalura ce da yaro ke tasowa da ita, tana shafar maganarsa da mu'amalarsa da mutane, da yadda yake jin ƙara da haske da taɓi. Wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya yi bayaninta a 1943 bayan ya lura da yara 11. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da ita. A unguwarmu a Maradi kuwa, wasu sun ce iska ce, wasu sun ce sammu, wasu sun ce Inna ce ta sangarta shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne dare.

Yaro mai shekarunsa yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12. Auta da ƙyar yake samun biyar. Sai ƙarfe ɗaya ta wuce yana zagaya tsakar gida, yana buga murfin tukunya, yana maimaita kalma guda. Inna kuwa da asuba take tashi suyar ƙosai, da shi muke sayen littattafai. Ta rame, ta fara gyangyaɗi gaban kasko. Da safe Auta ya je lakwal a gajiye, ya yi ta kuka, a koro shi gida. Har Baba ya yanke cewa a cire shi kawai.

A wancan lokaci, in an fita wasan motsa jiki, wanda muke cewa EPS, ajiye shi ake yi a gindin bishiya. Dalili kuwa, da an busa usur sai ya toshe kunnuwa ya ruga waje. Wai tausayi ne, kada ya ji ciwo. Ga shi a gida ma ba a barinsa ya fita, gudun tsokanar yara. Ke nan yini guda yaro na zaune.

Da aka koma lakwal a Oktoba, sai ya samu sabon mushe. Inna ta je ta gaya masa shawarar Baba, sai ya ce: "Hajiya, ki roƙa mini Malam ya bar mini shi wata biyu." Abin da ya yi ba ya buƙatar ko dala. Ya ajiye usur ya koma ɗaga hannu. Ya ba Auta aikin ɗauko ƙwallo da maido da ita. Kullum kafin a shiga aji, duk yaran su zagaya fili sau uku, ta hanya guda, Auta a gefe ɗaya da ya saba. A hutun ƙarfe goma ya haɗa shi da yaro guda mai haƙuri, su yi jifa da cafe, daga baya har langa suka fara gwadawa, ko da Auta ya fi faɗuwa. Yaro mai otizim yana samun natsuwa in ya san abin da zai biyo baya, don haka mushe bai taɓa sauya tsarin ba sai ya sanar da shi.

Cikin ƴan makonni muka ga sauyi. Barcin ya dawo ƙarfe goma sha ɗaya, daga baya goma. Ranar da Inna ta fara kwana bai tashe ta ba, sai da ta leƙa ta taɓa ƙirjinsa don ta tabbatar lafiya.

Na nemi sanin dalili. Binciken likitoci ya nuna cewa rabin yara masu otizim, ko fiye, suna fama da matsalar barci. Abu biyu ke kawo barci a jikin mutum. Na farko gajiyar da ke taruwa tun safe, kuma motsa jiki na taimaka mata. Na biyu agogon da ke cikin ƙwaƙwalwa: hasken safe ne ke daidaita shi, da duhu kuma jiki ya saki wani sinadari mai suna melatonin da ke kiran barci. A yara masu otizim da yawa wannan sinadari ba ya fita yadda ya kamata. Gudun safe a fili yana haɗa gajiya da haske wuri guda. OMS ma ta ba da shawarar aƙalla minti 60 na motsa jiki kullum ga duk mai shekara 5 zuwa 17, ba ta ware kowa ba.

Kada wani ya ɗauka magani nake talla. Auta yana nan da otizim ɗinsa. A watan Afrilu, in zafi ya haura digiri 40 kuma kuran ya ɗauke, ba wanda ke barci a gidanmu. A babban hutu ma, da aka rufe lakwal, daren ya fara lalacewa, sai da na riƙa fita da shi bayan asuba muna zagaya unguwa. Mun kuma lura wasa mai zafi bayan magariba tada shi yake yi, haka ma hasken salula. In yaro na minshari mai ƙarfi ko yana da farfaɗiya, wannan aikin likita ne.

Kowace ranar 2 ga Afrilu duniya na bikin wayar da kai kan otizim, a yi jawabai a watse. Ni roƙona ƙarami ne. Kai da za ka riƙe aji gobe, in ka ga yaro zaune a inuwa ƴan uwansa na gudu, ka tambayi me ya hana shi. Wataƙila usur ne, wataƙila hayaniya ce ko tsokana. Ka gyara wannan, ka ba shi wurinsa a layi, kuma kada ka taɓa horon sa da hana shi wasa. In ka haɗu da uwarsa, ka tambaye ta ƙarfe nawa ya yi barci jiya. Amsarta za ta gaya maka abin da takardar jarrabawa ba ta nunawa.